Man Ƙamshin Tsirrai: Abin da Aka Tabbatar da Abin da Ake Zato



Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wani al'amari da ya shigo kasuwanninmu da ɗakunan iyalanmu ba tare da ya yi sallama ba, wato 'yan kwalaben nan na man kanumfari da man na'a-na'a da man turare da man citta da makamantansu. Duk wanda ya ratsa Kasuwar Shehu Abubakar Gumi ta nan Kaduna a 'yan shekarun nan, ko ya tsaya a bakin tashar Kawo ya saurari masu tallar magani da lasifika a kan mota, ko ya leƙa shagunan da ake kira na magungunan Musulunci, waɗanda yanzu da wuya mutum ya bi layi biyu a Unguwar Sarki ko Unguwar Shanu bai ga ɗaya ba, lalle ya ji ana cewa wannan mai yana kashe ƙwayoyin cuta, yana maganin sanyi da taifot da ulsa, yana kuma wanke dattin jiki ya hana tsufa. A ɗaya gefen kuma akwai waɗansu 'yan boko da suke jin wannan magana su yi murmushi, su ce camfi ne da neman kuɗi, babu komai a cikin kwalbar sai ƙamshi. To, mu abin da muka gani, bayan duba abin da masana suka gwada suka rubuta, shi ne ɓangarorin nan biyu kowanne ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi, ɗaya ya wuce iyaka, ɗaya ya gaza, kuma maslahar jama'a tana cikin sanin inda iyakar take.

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fara suranta shi, saboda haka bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. Wannan mai ba irin man gyaɗa ba ne, ko manja, ko man kaɗe, ko man riɗi, waɗanda ake matsowa daga ƙwaya a yi miya ko a shafa, su zauna a tukunya su yi maiƙo. Wani mai ne ɗan kaɗan, mai tashi cikin iska, wanda Allah cikin hikimarsa ya ajiye a waɗansu ƙananan aljihuna a jikin ganye ko ɓawo ko fure ko saiwa, shi ne asalin ƙamshin tsiron, kuma shi ne garkuwarsa daga ƙwari da fumfuna da dabbobi masu kiwo. Wanda yake son ya gan shi da idonsa ba sai ya je jami'a ba. Ya tsaya gaban mai lemo a bakin Titin Ahmadu Bello, ya zuba ido lokacin da wuƙa take zagaya lemon ɓawo yana sauka a murɗe, zai ga wani ɗan feshi yana tashi daga ɓawon, wanda in ya faɗa ido sai an yi ƙwalla, in ya taɓa yatsu kuma ƙamshinsa ya daɗe bai bar su ba. Wannan feshin shi ne man ƙamshi.

Hanyar fitar da shi kuwa, a mafi yawan tsirrai, ita ce a zuba ganyen ko saiwar a tukunya rufaffiya, a ratsa su da tururi, tururin ya kwashi man ya bi ta wani bututu da aka sanyaya da ruwa, ya koma ɗigo yana sauka a kwalba, sa'an nan man ya rabu da ruwan. Mafi yawa su taso sama, na kanumfari da na kirfa kuwa, saboda nauyinsu, su nutse ƙasa. Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. Kanumfari, wanda yana cikin mafiya wadata, yakan ba da wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsa. Busasshiyar citta kashi 1 zuwa 3. Furen wardi kuwa sai an tara fiye da tan 3 kafin a sami kilo 1. Daga nan mai hankali zai gane cewa ƙaramin cokali ɗaya na man kanumfari ƙarfin ɗaruruwan ƙwayoyin kanumfari ne aka tattara wuri guda, kuma ba daidai yake da 'yan ƙwayoyi biyar da uwargida take jefawa a tukunyar zoɓo ba.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. Tun a ƙarni na 9, a Bagadaza, malamin nan Alkindi ya wallafa littafi a kan haɗa turare da tace shi ta hanyar tururi, wanda ya ƙunshi haɗe-haɗe fiye da ɗari. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin kayan ƙamshi da amfaninsu a littafinsa na ɗibbu da ake kira Alƙanun. Ibnul Baiɗar kuma, mutumin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tara bayanin magunguna da abinci wajen 1,400, yana rarrabe abin da ya gani da kansa da abin da ya ji daga magabata. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya bar rubuce-rubuce a kan ilmin magani. Abin da waɗannan bayin Allah ba su da shi shi ne madubin da ke nuna ƙwayar cuta, don haka sun san cewa kanumfari yana kwantar da ciwon haƙori, amma dalilin hakan ya ɓoyu gare su.

Da aka gano ƙwayoyin cuta a Turai, sai gwaji ya biyo baya. A 1887 wani masani a Faris mai suna Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya jarraba man tsirrai iri-iri a kan ƙwayar cutar da ke kashe dabbobi, wadda makiyaya suka sani da ciwon saifa, ya ga waɗansunsu, kamar na kirfa, suna hana ta tasiri. Sai dai bayan Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, aka kuma fara yin sa da yawa a shekarun 1940, sai likitoci suka juya wa man tsirrai baya, domin sun sami makamin da ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. Abin da ya dawo da hankali kansa a zamaninmu shi ne wata musiba da muka jawo da hannunmu, wato bijirewar ƙwayoyin cuta ga magungunan asibiti, sakamakon shan kafso barkatai ba bisa umarnin likita ba, da yanke shan magani da zarar an ji sauƙi, da ɗura wa kaji da shanu magungunan mutane. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda wannan bijirewa, kuma yankin da abin ya fi tsanani a duniya shi ne namu na Afirka ta Yamma. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take keɓe mako guda kowace shekara, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, domin faɗakarwa a kan wannan lamari, kuma saboda haka ne masana suka koma suna bincikar tsirrai ko a dace.

To, me suka samu? Ga yadda ake gwajin. Akan ɗauki faranti na gilashi mai murfi, a zuba masa wani romo da ke daskarewa, a shafa ƙwayoyin cutar a samansa, sa'an nan a ɗora 'yar takarda kewayayya wadda aka ɗiga wa man, a rufe, a ajiye a ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum, wato digiri 37, a bar shi ya kwana. Da gari ya waye sai a tarar ƙwayoyin sun hayayyafa sun lulluɓe farantin, in ban da wata da'ira da ta rage wasai kewaye da takardar, inda man ya kai. A auna faɗin da'irar da milimita, a rubuta. An yi wannan gwaji sau da yawan gaske a ƙasashe daban-daban, har da jami'o'inmu, kuma sakamakon ya yi ittifaƙi a kan cewa man kanumfari da na kirfa da na za'atar suna sahun gaba, saboda sinadaran da ke cikinsu: yujinol, wanda shi ne kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na man kanumfari, da sinamaldehaid na kirfa, da taimol na za'atar. Gani ya kori ji. Wanda ya ce babu komai a kwalbar sai ƙamshi, farantin nan ya ƙaryata shi.

Yadda man yake kisa ma an fahimce shi gwargwado. Ƙwayar bakteriya halitta ce guda ɗaya da ke ƙunshe cikin wata siririyar fata wadda aka gina da maiƙo, kuma da yake mai ba ya ƙin mai, sinadaran nan sai su narke su shige cikin fatar, su sassauta ta, har ta soma yoyo kamar tsohuwar salka, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mace. Amma ƙwayoyin ba ɗaya suke ba. Tun 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Christian Gram, ya raba su gida biyu, kuma daga baya aka gane cewa gida ɗaya suna da wata riga ta biyu a waje. Marasa wannan riga, irin ƙwayar da ke kawo maruru da ruɓewar miki, sun fi saurin miƙa wuya ga man ƙamshi. Masu rigar kuwa, waɗanda a cikinsu ne ake samun ƙwayar taifot da na gudawa iri-iri, galibi sun fi taurin kai. Daɗin daɗawa, man kansa ba ya zama iri ɗaya ko da sunan tsiron ɗaya ne. Ɗaɗɗoyar da ke bayan ɗakunanmu, alal misali, akwai wadda yujinol ya rinjaya a manta, akwai wadda taimol ya rinjaya, kuma ƙasa da yanayi da lokacin tsinka da daɗewar ajiya duk suna sauya abin da ke ciki, ta yadda kwalabe biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a ƙarfi ninkin-ba-ninki.

Wannan ke nan game da kashe ƙwayoyi. Sai da'awa ta biyu, wadda masu talla suke fassara ta da wanke jiki da hana tsufa. Asalin maganar shi ne iskar oksijin, wadda rayuwarmu ta rataya a kanta, tana da wata ɓarna da take yi a hankali: ita ce take sa ƙarfe ya yi tsatsa, ta sa yankakken dankali ya yi duhu, ta sa man gyaɗan da ya daɗe ya sauya wari ya riƙa maƙaƙi a wuya. Ɓarnar tana tafiya ne ta hanyar waɗansu gutsattsarin sinadari marasa natsuwa, waɗanda kowanne yake fizgar wani ɓangare daga maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin ya zama mafizgi, abin ya yi ta yaɗuwa. Yujinol da taimol suna iya miƙa wa waɗannan gutsattsari abin da suke nema, su natsu, sarƙar ta tsinke. Akwai gwaji sananne da ake yi tun 1958, inda ake ɗiga man a cikin wani ruwa mai launin shunayya, in yana da wannan ƙarfi sai ruwan ya koɗe ya koma rawaya, kuma man kanumfari yana cikin waɗanda suka fi saurin koɗar da shi. Wannan ma tabbatacce ne.

Inda wannan ilmi ya fi haskakawa shi ne madafarmu. Ku dubi mai kilishi sa'ad da ya shanya yankakken nama a kan asabari, ya bushe, ya tsoma shi a labu wanda aka haɗa da tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da gishiri, ya sake shanyawa, sa'an nan ya gasa sama-sama. Bushewa da gishiri da wuta su ne manyan masu tsaron naman, babu shakka, amma tunkuza tana da ragowar mai, kuma mai abin lalacewa ne, sai ga kayan yajin nan suna jinkirta sauyawarsa suna kuma rage wa fumfuna ƙarfi. Haka nan citta da kanumfari a fura da kunun zaƙi da zoɓo, da kimba a yajin mai jego. A 1998 waɗansu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka sun bi girke-girken nama fiye da 4,500 daga ƙasashe 36, suka ga mutanen ƙasashe masu zafi, inda abinci yake saurin lalacewa, sun fi zuba kayan yaji, suka ce wataƙila hikimar ke nan. A 2021 kuma waɗansu masana a Ostareliya suka sake bin al'amarin suka ce hujjar ba ta kai yadda aka zata ba. Ko wanne ne ya dace, abin da za mu riƙe shi ne kayan ƙamshi mataimaka ne wajen adana abinci, amma ba sa gyara kunun da aka dama da gurɓataccen ruwa, ba sa kuma tsarkake robar da aka tsinto aka ɗura zoɓo ba a wanke ba.

Yanzu mun iso inda ƙafa take zamewa. Mai talla yana cewa: tunda man ya kashe ƙwayar taifot a faranti, to, a sha shi ya kashe ta a ciki. Wannan ƙiyasi ne, kuma ɗaliban usulu sun san ƙiyasi ba ya inganta sai illa ɗaya ta haɗa asali da reshe, in kuwa akwai bambanci mai tasiri a tsakaninsu, to ƙiyasin ɓatacce ne. Faranti ba shi da tumbi, ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Sabulu da kananzir ma suna kashe ƙwayoyi a faranti, amma babu mai hankalin da zai sha su. A faranti man yana zaune kan ƙwayar dare guda cur, babu mai ɗauke shi; a jikin mutum kuwa, da zarar yujinol ya shiga jini hanta take kama shi ta sauya shi, ƙoda ta fitar da kusan dukkansa a fitsari cikin kwana ɗaya, alhali ita ƙwayar taifot tana ɓoye cikin ƙwayoyin halittar jikin kansa, inda man ba ya cim mata da ƙarfinsa. Mu yi ɗan lissafi. A ƙaddara ana bukatar ɗigo ɗaya na mai a cikin ɗigo dubu na ruwa kafin ƙwayar ta mutu. Jikin babban mutum yana ɗauke da ruwa wajen lita 40, ke nan sai an watsa masa mililita 40, wato ƙananan cokula takwas, su kuma zauna a jiki ba tare da hanta ta taɓa su ba. To, likitoci sun ruwaito ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan sun sha cokali ɗaya ko biyu na man kanumfari. Miƙdarin da zai kashe cutar ya zarce miƙdarin da zai cutar da mai cutar, kuma wannan shi ne bambancin da ya raba man ƙamshi da maganin asibiti, wanda aka zaɓe shi musamman domin ya sami ƙwayar ya ƙyale mutum.

Mu a Jihar Kaduna muna da aya a kan wannan da ba sai an kawo mana daga waje ba. A daminar 2023 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko da kewaye, ta ruɓar da amfanin manoma masu yawa, ta jefa gidaje cikin asara da bashi. Cittar nan ita ce wadda manta yake hana fumfuna tsiro a faranti, amma ga ta a cikin ƙasa, da manta a jikinta, fumfuna ta ci ta.

Haka lamarin yake ga da'awar hana tsufa. Koɗewar ruwa a kwalbar gwaji ba ta nuna abin da zai faru a jiki, domin jiki yana da nasa masu tsaro da Allah ya halitta masa, har ma fararen ƙwayoyin jini suna amfani da waɗannan gutsattsarin da ake zargi a matsayin makami su ƙone ƙwayoyin cuta da su. A 1994 aka bayyana sakamakon wani gwaji a ƙasar Finlan, inda aka bi maza masu shan taba wajen 29,000, aka ba waɗansu ƙwayar sinadarin da ke ba karas launinsa, da fatan zai kare su daga sankarar huhu, sai ga shi waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100. A 2012 kuma ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin abinci iri-iri a wannan fanni, saboda 'yan kasuwa sun mai da shi abin talla alhali babu hujjar cewa lambobin suna da ma'ana a jikin mutum. Bal ma shi kansa man ƙamshin, musamman na lemo, in ya daɗe a buɗe ko a rana, iska tana lalata shi ya koma mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu.

Kada mai sauraro ya fahimci cewa babu inda aka tabbatar da amfaninsa a jikin mutum. Akwai, kuma duk wuraren da aka tabbatar sun yi tarayya a siffa ɗaya, wato inda man yake taɓa ciwon kai tsaye, da miƙdari sananne. Likitocin haƙori sun daɗe suna kwaɓa yujinol da wata farar hoda su toshe kogon haƙori na wucin gadi. Ruwan kurkure baki irin Listerine, wanda aka fara haɗawa a 1879, yana ɗauke da taimol da mentol da sinadarin bishiyar turare, kuma gwaje-gwaje a kan mutane sun nuna yana rage dattin haƙori da kumburin dasashi. Man wata bishiya ta Ostareliya da ake kira bishiyar shayi, in aka tsinka shi zuwa kashi 5 cikin 100, an ga yana rage ƙurajen fuska marasa tsanani. Ita kuwa habbatus sauda, wadda ambatonta ya zo a ingantattun hadisai kuma babu Musulmin da yake shakkar albarkarta, ya kamata a sani cewa man da ake sayarwa matsattse ne, ɓangaren ƙamshinsa kaɗan ne, kuma manyan malamai da suka yi sharhin hadisan ɗibbu sun yi bayanin cewa magani yana bukatar dacewa da cuta da miƙdari da lokaci. Neman likita ba ya cin karo da tawakkali.

Sai gargaɗi, musamman ga iyayenmu mata. Kada a ɗura wa yaro man turare ko man kanumfari ko kafur, domin kaɗan daga cikinsu yana iya jawo masa jijjiga da suma. A ajiye kwalaben inda hannunsa ba ya kai. Kada a shafa wa jariri man zafi a cibiya ko a hanci. Tun a 1980 likitocin yara a Legas, cikinsu har da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, suka ruwaito cewa jariran da ke da wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jininsu, raunin da ya yawaita cikin 'ya'ya maza a ƙasar nan, sun fi kamuwa da shawara in an sa musu hoda mai mentol a cibiya. Haka nan farin kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri yana yin irin wannan illa. Akwai man cibiya na musamman da ake bayarwa a asibiti, shi ya kamata a nema. Mai juna biyu ta nisanci shan waɗannan mayuka. Matan da ake ba shawara a waya su yi matsi ko tsarki da su saboda ciwon sanyi, su sani cewa wurin yana da laushi, man yana ƙona shi, yana kuma kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tsaronsa. Mafi girman haɗari kuwa shi ne jinkiri: a yi ta ɗiga mai a shayi ana jiran zazzaɓin taifot ya sauka, har hanji ya huje, sa'an nan a kwashi mara lafiya ranga-ranga zuwa Asibitin Barau Dikko, lokacin da aikin da kafso na 'yan kwanaki zai yi ya koma na wuƙar tiyata.

Ga masana da hukumomi kuma akwai aiki a gabansu, kuma Allah ya hore wa jihar nan kayan yin sa. Cittar kudancin Kaduna ta yi suna a kasuwannin duniya saboda yajinta da yawan manta, amma mafi yawanta a bushe ake lodinta zuwa tashar jirgin ruwa, a tace ta a ƙasashen waje, ta dawo mana a 'yar kwalba da tsada. Ga bishiyoyin turare a dajin Afaka, ga ɗaɗɗoya da ciyawar lemo da ke fita ko'ina aka dasa su. Ga Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai da ke Basawa a Zariya, ga Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a cikin garin nan. Abin da ake bukata shi ne bincike ya daina tsayawa a bakin faranti, ya ci gaba zuwa tantance sinadari, da auna guba, da gwaji a kan dabbobi, sa'an nan a kan mutane bisa ƙa'ida; a kuma karkata ga wuraren da nasara ta fi kusa, kamar adana kilishi da kunu, da kare gyaɗa da masara daga fumfuna, da sabulu da ruwan kurkure baki, da abincin kaji, wanda Tarayyar Turai ta hana zuba masa magungunan kashe ƙwayoyi don ƙiba tun 2006, abin da ya buɗe wa man tsirrai kasuwa. Hanyar doguwa ce, amma an taɓa bin ta an isa: maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani tsiro dangin tazargade wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da shi a 1972, aka shafe shekaru ana tacewa ana gwadawa, har aka ba ta lambar Nobel a 2015.

Mai saye kuwa, kafin ya zaro kuɗinsa, yana da haƙƙin ya nemi isnadin abin da ake gaya masa. Ya tambaya: a kan me aka gwada wannan mai, faranti ne, ko ɓera, ko mutum? Nawa ake sha, kuma wa ya auna? Ya duba lambar hukumar NAFDAC, tare da sanin cewa lambar da ake fara ba magungunan gargajiya shaida ce ta an duba rashin cutarwarsu, ba shaidar an tabbatar suna warkarwa ba. In yana shakkar algus, ya ɗiga man a farar takarda ya bar shi ya wuni. Mafi yawan man ƙamshi na ƙwarai yakan tashi ya bar takardar kusan yadda take, wanda aka gauraya da man girki kuwa sai ya bar tabon maiƙo. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah, ya faɗi abin da ya sani ya yi shiru a kan abin da yake zato, domin wanda ya ce wa mai taifot ya bar asibiti ya sha mai, to, ya ɗauki alhakin rai a wuyansa. Kanumfari da citta su ci gaba da zama a tukunyarmu kamar yadda muka gada, man ya tsaya inda hujja ta tsayar da shi, mara lafiya kuma a kai shi ga likita da wuri.

A nan sharhinmu na yau ya tsaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.